Takalman Sun Yi Sabo

Ranar Asabar na kai Kaka Ozella sinima
a garinmu na gefen kogin Misisifi,
inda auduga ke fari har iyakar gani.
Ta sa hular cocinta mai gashin tsuntsu.
Ta ce ba a zuwa gaban tarihi kai a buɗe.

A bakin ƙofa ta ja ta tsaya.
Ƙafarta da kanta ta karkata hagu,
ta nufi lungun tsohuwar ƙofar gefe
mai matakala ashirin da uku
da ke kai baƙaƙe can saman bene,
inda zafi ke taruwa ya rasa mafita.
An toshe ƙofar da bulo tun ba a haifi uwata ba,
amma ƙafa ba ta karanta jarida.

Muka zauna ƙasa, layi na shida, tsakiya.
Ta shafa kujerar kamar mai tayin yadi.
"Ashe wannan ce," in ji ta.
"Ashe ma ba ta da laushin da muka zata."

Fitilu suka mutu, allo ya farka.
Ga layin masu neman rajistar zaɓe,
ga karnuka, ga kulki, ga mesar ruwa,
ga wata 'yar wasa fuska sumul
tana tafe tana waƙa,
hawaye ɗaya tak, an ɗora shi daidai kan kunci.
Ni har maƙogwarona ya cika.
Kaka ta zungure ni da gwiwar hannu:
"Takalman sun yi sabo.
Namu kwali muke shimfiɗa musu
inda tafin ya huje.
Kuma ba mu rera ta da daɗi haka ba,
tsoro yana cin rabin murya."

Wani saurayi a baya ya ce a yi shiru.
Ta waiwaya, hula da gashin tsuntsu da duka:
"Ɗana, na yi shiru shekara sittin.
Yi haƙuri da ni awa biyu."

Sai aka nuno hanya da dare,
mota ɗaya, fitilu biyu a bayanta.
Gugguru ya zube daga cinyarta.
Ta kama hannuna, ta matse
har zobena ya shiga nama.
Ban tambaya ba. A gidanmu kowa ya san
yayanta Lemuel ya fita da mota wani dare
don ya kai mutane taro.
An ga motar.

Da fim ya ƙare, jama'a suka miƙe,
masu share ido, masu neman makullin mota.
Ita ta gyara tabarau, ta zauna daram,
tana bin sunayen da ke hawa sama
ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi:
mai haske, mai ɗinki, mai dafa wa 'yan wasa,
direbobi goma sha ɗaya.
Har mai horar da karnukan
an rubuta sunansa, da na mataimakinsa.
Ta jira har allo ya koma baƙi,
har yaro mai tsintsiya ya tsaya a kanmu.

A waje rana ta yi sanyi.
Na ce, "Kaka, ya cancanci kallo?"
Ta daɗe tana gyara jaka a kafaɗa.
"Ki kawo yaranki," ta ce.
"Sun wanke shi, sun goge, sun fesa masa turare,
amma ƙashin na nan a ƙarƙashin rigar.
Ki kawo su. In sun fito, ki biyo da su gidana,
in nuna musu takalman."

Muka bi ta lungun hagu.
Ta tsaya gaban bulon nan,
ta ƙwanƙwasa da sandarta sau uku,
ta kira sunansa cikakke, har da na tsakiya,
yadda uwarsu ke kiransa in abinci ya huce.
Ta ɗan saurara.

Sannan ta ce yunwa take ji,
kuma kifin Malvina ba ya kai ƙarfe bakwai.